Me ya kai masanin taurari auna tsofaffin kuɗi? Labarin John Greaves

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya auno gero mudu goma, aka sake aunawa a gida aka tarar da tara da rabi, ya san lamba ita kaɗai ba ta gama magana. Ba lalle yaron ne ya yi ƙwange ba, ba lalle kuma mai awon ne ya doke gindin mudunsa ba. Mudun wannan kasuwa daban, na waccan daban. Haka kamu yake: in dogo ya auna maka zane kamu shida, gajere ya sake aunawa, sai ya ce bakwai ne saura kaɗan, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wannan 'yar rigimar ta bakin kasuwa ita ta ci rayuwar wani Bature ɗan Ingila mai suna John Greaves, wanda aka haifa a 1602, ya mutu a 1652. Aikinsa na albashi koyar da lissafi da ilmin taurari ne, da farko a Landan, daga baya a Oxford. Amma littattafai biyun da suka sa ake tunawa da shi, ɗaya a kan dalar Masar yake, ɗayan a kan tsohon kuɗin azurfar Rumawa. Mu da Hausa har abin ya zo mana da sauƙi, tunda rubutu ɗaya muke yi wa dalar da ake tarawa, irin ta gyaɗar Kano a da, da dalar da ake kashewa. Wani zai ɗauka mutum ne mai taɓa nan ya taɓa can, wanda ya kasa tsayawa ga sana'a guda. A ganina tambaya ɗaya tak yake bi. Ita ta shigar da shi cikin dala da kyandir a hannu, ita kuma ta zaunar da shi gaban sikeli yana ɗora kuɗin mutanen da suka riga shi da shekara fiye da dubu da ɗari biyar.

Ga tambayar. Mutanen da sun bar lambobi masu yawa a littattafai, amma da wane ma'auni suka auna?

A ɗauki girman duniya. Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce kewayenta sitadiya 252,000 ne, sitadiya kuwa ma'aunin nisa ce ta Girkawa. Batlamus, masanin taurari da taswira wanda ya zo bayansa da wajen shekara ɗari huɗu, ya yi aiki da 180,000. Ko dai ɗayansu ya yi mugun kuskure, ko kuwa sitadiyar wannan ba ita ce ta wancan ba, kuma littattafan ba su raba gardamar ba. Wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun ya tura masanansa filin Sinjar su sake awon. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: ka auna tsayin tauraron arewa daga inda kake, ka miƙe arewa sak kana auna tafiyarka har tauraron ya ƙara tashi da digiri ɗaya, sannan ka ninka nisan sau 360. Suka sami mil 56 da biyu bisa uku a kowane digiri, wato mil 20,400 ke nan kewayen duniya. Awo ne mai kyau ƙwarai. Sai dai lambar ta shiga Turai ta littafin masanin taurari Farghani, mil ɗin kuwa bai bi ta ba. Kolumbus ya karanta ta, ya fassara da mil ɗin Rumawa, wanda bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, alhali mil ɗin Larabawa ya doshi kilomita biyu. Da wannan, haɗe da wasu kura-kuran, ya tsuke duniya a takarda, ya tashi a 1492 yana zaton Jafan na nan kusa. Da ba a sami wata nahiya a tsakani ba, da yunwa da ƙishirwa sun gama da shi a teku.

To ina ruwan kuɗi da wannan? Nan ne wurin da ya cancanci a tsaya, domin Rumawa sun ɗaure ma'aunansu da juna kamar sarƙa. Mil ɗinsu taki dubu ne, kowane taki ƙafa biyar. Babban tulun awonsu daidai yake da akwati mai ƙafa ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi, kuma dokarsu ta ce yana cin ruwan inabi mai nauyin laba 80. Kashi ɗaya cikin takwas na tulun shi ne kwanon awon da suke kira konjiyus, mai cin laba 10. Daga laba ɗaya ta azurfa kuwa, a zamanin jamhuriya, ana buga kuɗin da suke kira dinariyus guda 84. Daga sunan nan kalmar dinari ta samo asali, ko da yake nasu na azurfa ne. Saboda haka in ka san nauyin dinariyus ɗaya na gaskiya, ka san laba. In ka san laba, ka san cikin kwano. Cikin kwano ya ba ka ƙafa, ƙafa ta ba ka mil, mil ya buɗe maka duk nisan da aka rubuta a tsofaffin littattafai. Kana iya bin sarƙar ta baya kuma, ka gwada kowane zobe da ɗan'uwansa. Sandar awo ta katako tana ruɓewa, ta ƙarfe tana tsatsa ko ta ɓace, amma kuɗi an buga su dubbai a kan nauyi guda, sun warwatsu a ƙasa, manoma na tono su kullum. Kuɗi ma'auni ne da gwamnati ta sa wa hatimi ta raba wa kowa.

Shi ya sa ba Greaves kaɗai ne masanin sama da ya sunkuya kan sikeli ba. Biruni ya auna girman duniya daga kan dutse, ya kuma auna nauyin zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja. Kopanikus ya rubuta takarda a kan lalacewar kuɗi a 1526. Newton ya shafe shekarunsa talatin na ƙarshe a gidan buga kuɗin Ingila. Hannun da ya saba raba digiri gida sittin shi ya fi dacewa da raba ƙwayar azurfa.

Greaves ɗan limamin coci ne a ƙauyen Colemore da ke Hampshire. Ya shiga Oxford a 1617, ya zama malami a kwalejin Merton a 1624, aka ba shi kujerar farfesan lissafi a kwalejin Gresham ta Landan wajen 1631. Zamani ne da Ingila ta fara jin kwaɗayin Larabci: Cambridge ta kafa kujerarsa a 1632, Oxford kuma ta kafa tata a 1636 da kuɗin William Laud, babban limamin Canterbury kuma shugaban jami'ar Oxford. Laud ɗin nan har ya sa sarki ya ba da umarni a 1634 cewa duk jirgin kamfanin da ke fatauci da ƙasashen Turkawa ya dawo da littafi ɗaya na Larabci ko Farisanci rubutun hannu, ban da Alƙur'ani, wai suna da isassu. Yawancin masu koyon Larabci a lokacin don fassarar Baibul suke yi, ko don gardamar addini. Greaves teburorin taurari yake so. Dalilinsa na sana'a ne: motsin sama yana da nawa, sai ka gwada awon yau da na shekara ɗaruruwa baya kafin ka ga bambanci, kuma tsakanin Batlamus da Turawan ƙarni na 16 kusan duk awon kirki da aka yi, a Bagadaza da Rakka da Alƙahira da Maraga da Samarƙand aka yi shi.

A 1637 ya tashi zuwa gabas tare da abokinsa Edward Pococke, malamin Larabcin Oxford. Ya isa Santambul a 1638, lokacin Sarkin Musulmi Murad na Huɗu. Ya auna tsayin rana da taurari a can, ya tarar birnin na kan digiri 41 da minti 6 arewa da ikwaita, alhali Batlamus ya ɗora shi a kan 43 da 'yan kai, masu zana taswira kuma suna ta kwafa shekara da shekaru. Kuskuren digiri biyu ya haura kilomita ɗari biyu. Ya kuma shirya a duba husufin watan Disamba 1638 daga garuruwa daban-daban a dare guda, domin husufi lokaci ɗaya yake kama wata ga kowa, amma agogon kowane gari daban, kuma bambancin awa ɗaya digiri 15 ne gabas ko yamma. Ya sayi littattafai iya ƙarfin aljihunsa. Ba duka ne suka zo ta hanyar halal ba: shi da kansa ya faɗa a wasiƙa cewa kyakkyawan kwafin Almajisti, babban littafin taurari na Batlamus, da ya samu, wani barden Turkawa ne ya sato shi daga ɗakin karatun fada. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Littattafan gabas da yawa da ke Oxford yau ciniki ne na gaskiya ya kai su, wasu kuwa irin wannan hanyar. Ya so ya je gidajen sufayen Kirista na dutsen Athos neman tsofaffin littattafan Girkanci, amma shugaban cocin Girkawa Cyril Lucaris, wanda zai buɗe masa ƙofar, an shaƙe shi da umarnin sarki a watan Yuni na shekarar. Sai ya bi ta Rodes ya sauka Iskandariyya.

Kayan aikinsa shi ne abin lura. Kafin ya bar Landan ya sa an yi masa sandunan awo na tagulla, aka kwafi ƙafar Ingila daga ma'aunin ƙarfe da ke ajiye a zauren birni na Guildhall, aka tsaga ta gida-gida ƙanana yadda zai iya karanta kashi ɗaya cikin dubu na ƙafa. Duk inda ya je da ita yake gwada komai. Zira'in Alƙahira, alal misali, ya rubuta shi 1,824 in an raba ƙafar Ingila gida 1,000. Matafiya kafinsa cewa suke yi abu kaza ya kai taki kaza, ko ya yi tsawon harbin kibiya. Shi kuwa ya faɗi sandar da ya yi amfani da ita, da inda asalinta ke ajiye, yadda wani zai iya zuwa ya ƙaryata shi.

Sau biyu ya je Giza, inda manyan dalolin suke, daga Iskandariyya. Cikin abokan shigarsa akwai wani saurayi ɗan Italiya, Tito Livio Burattini, wanda daga baya ya riƙe gidan buga kuɗi a Folan, kuma a 1675 ya ba da shawarar duniya ta koma ma'auni guda da ya kira metro, shekara fiye da ɗari kafin Faransa ta ƙirƙiro mita. Suka kutsa da kyandirori, jemagu na dukan fuskokinsu, suka bi matsattsun hanyoyi a durƙushe, suka haura doguwar barandar nan mai santsi har ɗakin da ake kira na sarki, inda akwatin dutse yake a buɗe ba murfi ba gawa.

Littafin da ya fito daga wannan tafiya, Pyramidographia na 1646, cike yake da daidai da kuskure a haɗe, kuma wurin da kowanne ya faɗo yana da ma'ana. A waje ya yi kuskure babba. Ya ce kowane gefen gindin babbar dalar ƙafa 693 ne, alhali ya kai wajen 756, wato mita 230. Rairayi da baraguzai sun binne kusurwoyin a lokacin, bai ga inda ginin ya fara ba. Shekarun ginin ma ya kauce: ya lissafa sarautar Kufu, Fir'aunan da ya gina babbar dalar, daga 1266 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rage mata shekara dubu da ɗari uku, don ya bi jerin sarakunan da Herodotus, tsohon marubucin tarihi na Girkawa, ya bayar, kuma a lokacin ba wanda ke iya karanta rubutun Fir'aunoni. Amma ya yi watsi da maganar da ta daɗe tana yawo cewa dalolin rumbunan hatsin Annabi Yusuf ne, tunda kusan duk cikinsu dutse ne cunkus, ba inda za a zuba tsaba. Ya kuma ƙi yarda Bani Isra'ila ne suka gina su, yana mai cewa aikin da aka ce an sa su na tubali ne, waɗannan kuwa dutse. Ya ce kaburburan sarakuna ne. Ya kawo ruwayoyin marubutan Larabawa, har da labarin ramin da aka ce Ma'amun ya sa an fasa, ya ɗauki abin da idonsa ya gaskata, ya ajiye sauran a matsayin hikaya.

A cikin ɗakin sarki, inda bango yake sumul kuma ba rairayi, awonsa ya tsaya har yau: tsawo ƙafa 34.380, faɗi 17.190. William Harvey, likitan da ya gano yadda jini ke zagaya jiki, da ya ji sun yi kusan awa uku a ciki, sai ya ce ba yadda za a yi mutane su daɗe haka suna shaƙar iska ɗaya, dole akwai wata kafa a ɓoye. Greaves ya ga ramuka biyu a bangon kudu da na arewa, bai ɗauke su hanyar iska ba. Sai a 1837 ma'aikatan Howard Vyse suka share su har waje, iska ta shigo. Likitan da bai taɓa taka Masar ba ya fi wanda ya shiga gani a wannan.

Me ya sa ya wahalar da kansa har kashi ɗaya cikin dubu a ɗakin da ba kowa? Shi ya faɗi dalilinsa, kuma a nan ne na fi ganin zurfin tunaninsa. Ya ga yadda ƙafar Girkawa da ta Rumawa suka ɓace don ba wanda ya jingina su da abin da ba ya lalacewa. Sai ya ce bari ya yi wa na baya abin da na gaba ba su yi masa ba. In an rubuta cewa ɗakin nan ƙafar Ingila 34.380 ne, to ko Ingila ta shuɗe, ko sandar Guildhall ta narke, duk wanda ya shiga ɗakin da igiya zai iya dawo da ƙafar. Wato dalar ta zama ma'ajiyar ma'auni. Tsoron nasa kuma ba na banza ba ne: a 1834 gobara ta cinye majalisar dokokin Ingila, ta lalata sandar yadi ta hukuma, sai da aka shafe shekaru ana harhaɗa sabuwa daga kwafe-kwafe.

Lambobin ɗakin sun yi tafiyar da shi bai zata ba. Newton ya duba su ya ga tsawon ninki biyu ne na faɗin cif, ya ce magina ba sa zaɓar lamba mai ɓarɓashi, ɗakin kamu 20 ne da kamu 10, saboda haka kamun Masarawa ƙafa 1.719 ne, kimanin santimita 52 da rabi. Da aka tono sandunan awon Masarawa na gaske daga kaburbura, haka aka same su. Ana yawan cewa Newton ya nemi wannan ne don gwada ka'idarsa ta jan ƙasa, amma takardar da ya rubuta a kan kamun Yahudawa take, wanda aka auna haikalin Ƙudus da shi, kuma ba a buga ta ba sai 1737, cikin tarin ayyukan Greaves da Thomas Birch ya fitar. Daga nan abin ya faɗa hannun masu wuce gona da iri. John Taylor a 1859, da Charles Piazzi Smyth, babban masanin taurarin Sukotlan, a 1864, suka ce ai akwai wani inci na wahayi da aka ɓoye a dalar, kuma Ingilishi ne suka gaje shi. Flinders Petrie ya je a 1880 yana saurayi da ɗan ra'ayin nan a ransa, ya auna da kyau, awon ya rushe maganar. Greaves ya je ne ya ajiye ma'auni a dala, su kuma suka juya labarin suka ce ma'aunin daga can ya fito.

A hanyar komawa gida, a 1639, ya tsaya Rum ya yi aikin da ya zama littafinsa na 1647 a kan ƙafar Rumawa da dinariyus. Akwai duwatsun kabari na magina waɗanda aka sassaƙa kayan sana'arsu a jiki, har da sandar ƙafa. Ta kan dutsen Cossutius ta ba shi 967 cikin 1,000 na ƙafar Ingila, ta kan na Statilius ta ba shi 972. Wani malamin coci, Villalpando, ya riga ya fitar da 986 ta hanyar cika kwanon tagulla na zamanin sarki Vespasian, mai rubutun laba 10 a jikinsa. Ƙafa uku ke nan, kowace da hujjarta. Greaves ya auna shimfiɗaɗɗun duwatsun daɓen Pantheon, wani tsohon haikali a Rum, da tsofaffin sandunan tagulla da aka tono, ya yanke cewa ta Cossutius ce ta gaskiya. Masanan yau suna sa ƙafar Rumawa wajen milimita 296, wadda ta fi kusa da ta Statilius da ya ajiye. Bambancin milimita ɗaya da rabi ne, kuma da lambobin da shi ya rubuta ake iya kama shi.

Kuɗin sun fi wuya. Azurfa tana cinyewa a hannu, wasu an yanke gefensu, wasu jabu ne tun asali, tagulla da aka lulluɓe. In ka haɗa duka ka raba, za ka sami nauyin da ya gaza na ainihi, domin tsufa rage kuɗi yake yi, ba ya ƙara masa. Greaves ya bi ɗakunan ajiyar manyan Italiya ya ɗora ɗaruruwa a sikeli, ya ware waɗanda hatiminsu ya fito sarai, ya ce dinariyus na jamhuriya ƙwaya 62 ne a awon Ingila, kusan giram 4. Ya kuma raba shi da na sarakunan baya, wanda aka rage har ana buga 96 daga laba guda, ragin da ya faro a zamanin Nero. Masana kafinsa sun yi ta cakuɗa biyun suna mamakin yadda marubutan da ke saɓa wa juna. Ashe suna ɗaya ne a kan kuɗi biyu, kamar mai karanta tsohuwar takardar gado ya ga fam ya ɗauka na yau ne.

Wannan aikin ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da ba mu san sunan Greaves ba. Nisabin zakka miskali 20 ne na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari. Littattafan fiƙihu sun ƙayyade dirhami da ƙwayar sha'ir 50 da biyu bisa biyar, dinari 72. Amma sha'irin wace gona, na damina mai albarka ko na fari? Ƙwayar awon Ingila ma daga hatsi ta samo asali, ciwon ɗaya ne. Giram 85 ɗin da ake ji a sanarwar nisabi ya fito ne daga komawa ga kuɗin kansu: an auna dinaran da aka buga tun gyaran Halifa Abdulmalik ɗan Marwan a shekara ta 77 bayan Hijira, waɗanda ke gidajen tarihi, aka same su wajen giram 4.25, aka ninka sau 20. Dirhami bakwai bisa goma ne na miskali, shi ya ba da giram 595 na azurfa. Ba daga Greaves malamai suka koya ba, matsalar ce iri ɗaya, ta kuma kai kowa ga sikeli.

Ya dawo Ingila a 1640 ya tarar ƙasa na shirin kamawa da wuta. An tsare ubangidansa Laud, aka sare kansa a Janairu 1645. Yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisar dokoki ya ɓarke a 1642, sarki Charles ya mai da Oxford hedikwatarsa, Greaves kuma mai goyon sarki ne ba ɓoyo. A Nuwamba 1643 aka ba shi kujerar ilmin taurari ta Savile a Oxford, a watan kuma Gresham ta sallame shi saboda daɗewar da ya yi ba ya aji, hukuncin da ba zan ce zalunci ba ne ga malamin da ya yi shekaru a ƙasashen waje. A Merton yana cikin waɗanda suka sa aka tsige shugaban kwalejin, Nathaniel Brent, mai goyon majalisa, aka naɗa Harvey. Da majalisa ta ci yaƙi, Brent ɗin nan aka ɗora kan kwamitin tace jami'a. Ramin da ya taya haƙawa shi ya faɗa. A 1648 aka kore shi daga kujera da kwaleji, sojoji suka fasa akwatunansa, takardu da yawa suka salwanta, lauya John Selden ya taimaka aka ceto wasu. Abin da ya iya yi shi ne ya lallaɓa kujerar ta koma hannun Seth Ward, wanda ya san aikin.

Shekara huɗun da suka rage masa a Landan su ne mafi yawan bugu a rayuwarsa. Nahawun Farisanci a 1649. Teburorin garuruwa na Nasiruddin Ɗusi da na Ulugh Beg. Bayanin Khuwarizm da ƙasashen bayan kogin Jaihun daga littafin Abul Fida, sarkin Hama. Sai kuma, a 1650, babin tarihohi daga ziji, wato littafin teburorin taurari, na Ulugh Beg, jikan Taimur, wanda ya gina gidan duban taurari a Samarƙand ya jera taurari 1,018 wajen 1437. Babin yana koyar da yadda ake mai da kwanan wata daga Hijira zuwa lissafin Rumawa, ko na Yazdajird, ko na Malik Shah, ko na mutanen Sin. Tsohuwar tambayarsa ce ta dawo a rigar lokaci: an ce an ga husufi a shekara ta kaza, to shekarar wa? Wani ɗan littafin lissafi da ake jingina wa Arkimidis, wanda bai tsira ba sai a Larabcin Sabit ɗan Ƙurra, shi ma ya fassara shi, aka buga a 1659 bayan ransa. Jerin taurarin Ulugh Beg kuwa Thomas Hyde ne ya fitar da shi a Oxford a 1665. Greaves ya mutu a Oktoba 1652 yana da shekara 50, aka binne shi a cocin St Benet Sherehog, wadda gobarar Landan ta 1666 ta cinye, ba a sake gina ta ba.

Akwai aiki ɗaya da ya bari a rataye. Ingila ta ƙi karɓar gyaran kalandar da Fafaroma Gregory ya yi a 1582, don ta fito daga Rum, sai ta zauna kwana goma a bayan maƙwabtanta. A 1645 Greaves ya kawo dabara mai sauƙi: a daina sa ranar 29 ga Fabrairu har shekara arba'in, kwana goman su zube ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ji an yanke masa wata ko an taɓa masa kuɗin haya. Sarki da mashawartansa sun yarda, amma sarkin da ke asarar garuruwa ba ta kalanda yake ba.

Wanda ya ga ƙarshen zancen mutum ne mai irin sana'o'insa uku. Martin Folkes, haifaffen 1690, masanin lissafi da taurari ne wanda Newton ya naɗa mataimakinsa a ƙungiyar masana ta Royal Society a 1723. Ya tafi Italiya a 1733, ya sake auna ma'aunan Rumawa da ke ajiye a tudun Capitol na birnin Rum, ya dawo ya juya sikelin kan kuɗin ƙasarsa: teburin kuɗin zinariyar Ingila a 1736, na azurfa tun daga lokacin da Normawa suka ci Ingila da yaƙi, shi kuma a 1745, kowanne da nauyinsa da yawan gamin da ke cikinsa, yadda mai karatu zai ga sarkin da ya rage azurfa da shekarar da ya rage. Ya zama shugaban ƙungiyar a 1741, kuma yana kan kujerar aka kawo masa daftarin dokar gyaran kalanda ya duba, shi da James Bradley, masanin taurarin sarki. Lokacin giɓin ya zama kwana 11, kuma ba a bi ta lallami irin na Greaves ba. Mutanen Ingila suka kwanta ranar Laraba 2 ga Satumba 1752, suka tashi Alhamis 14 ga wata, saura 'yan makonni Greaves ya cika shekara ɗari a ƙasa.